Bututun gas ya bi ta bayan gidanmu: mu tashi ko mu zauna?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma, a wani ƙauye da ke tsakanin Zariya da Kano. Bututun gas ɗin nan na AKK ya ratsa gonarmu ta gado, daga katangar gidanmu zuwa inda aka binne shi bai fi mita 120 ba. An biya mu diyyar amfanin gona da itatuwa, aka kafa alamomi, aka ce kada mu yi gini ko haƙa a tsakaninsu. To abin da ke hana ni barci shi ne, mu da muke wajen alamomin, mun tsira ke nan? Akwai dokar da ta faɗi nisan da za a bari tsakanin irin wannan bututu da gidan mutane? Ƙanena zai yi aure bayan girbi, muna so mu yi masa ɗaki ta wannan ɓangaren, mu kuma haƙa rijiya. Wasu suna cewa mu sayar mu tashi. Ina neman shawara."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu lokacin lafiya. Aikina duba lafiyar bututun mai da na gas ne: bin layi, auna tsatsa, karanta sakamakon na'urorin da ake turawa ta cikin bututu, da nuna wa masu shi inda ya kamata a tona a gyara. Da wannan idon zan amsa maka.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko alamomin nan su ne iyakar haɗari, ko doka ta yanke wani nisa, da kuma yadda za ku yi da ɗaki da rijiya da maganar tashi. Na farkon zan ba ka amsarsa tun yanzu ba tare da kwana-kwana ba. Alamomin suna nuna iyakar filin da kamfani ya karɓa ne, an kuma kafa su domin a kare bututun daga mutane. Idan babban bututu ya fashe ya kama wuta, zafin yana wuce su nesa ba kusa ba, kuma mita 120 na cikin inda zai kai. A ɗaya gefen, sabon bututu mai kauri da ake kula da shi ba kasafai yake fashewa ba. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma a tsakaninsu shawararka take.

Abin da ke kwance a ƙarƙashin gonar

Bututun AKK ya taso daga Ajaokuta a jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Neja da Kaduna ya ƙare a Kano, tsawon kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, shi ne ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yunin 2020.

Mu a Arewa bututun fetur da na ɗanyen mai muka saba da su, irin waɗanda suka shigo matatar Kaduna suka kuma fita zuwa defo-defo. Gas wani abu ne daban. Fetur ruwa ne, in bututu ya huje sai ya malala ya taru a kwari, mutane su zo da jarkoki, kamar yadda aka yi a Jesse ta jihar Delta a Oktoban 1998, inda wuta ta ci ɗaruruwan rayuka. Gas kuwa iska ce da aka danne da ƙarfin tsiya. Tayar mota tana ɗaukar matsi kamar psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin matsi ne). Irin wannan babban bututu ana tafiyar da shi a psi 1,000 ko fiye. Saboda haka in ya tsage, ƙarfen da kansa yake yagewa, ƙasar da ke kansa ta yi sama, rami ya buɗe, gas ya riƙa fita da ruri daga bakuna biyu. Idan tartsatsi ya samu, kuma duwatsu da ƙarfen da ke gogar juna sukan samar da shi, sai harshen wuta ya miƙe sama. Abin da ke kashe mutane a nan galibi hucin zafin da ke fitowa daga wannan harshe ne, wanda ke ƙona fata da tufafi da jinka daga nesa ba tare da wutar ta taɓa su ba.

Ya kuma bambanta da gas ɗin girki na silinda. Na girki ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa. Wannan ya fi iska sauƙi, a fili sama yake yi. Yana kama wuta ne in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin. Warin da kake ji a gas ɗin girki ma zuba masa aka yi da gangan don a gane yoyo, kuma manyan layukan da ke ratsa karkara sau da yawa ba a zuba musu. Kada ku dogara da hanci.

Ƙa'idar da ke ƙirga gidaje

Nan ne ainihin maganar take, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Injiniyoyin bututun gas a Najeriya, kamar a ƙasashe da yawa, suna aiki da ƙa'idar ASME B31.8 ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, kuma dokar tarayya ta Amurka, wadda PHMSA, hukumar kula da lafiyar bututu ta can, ke aiwatarwa, kusan tsari ɗaya take bi. Tsarin bai ce a nisanta bututu da gidaje ba. Cewa ya yi a ƙirga gidajen, sannan a ƙara wa bututun ƙarfi gwargwadon yawansu. Ana ɗaukar tsawon mil ɗaya na layin, wato kilomita 1.6, da faɗin kimanin mita 200 ta dama da mita 200 ta hagu, a ƙirga gine-ginen da mutane ke zaune a ciki. In ba su wuce 10 ba, wurin aji na ɗaya ne. Daga 11 zuwa 45 aji na biyu. Daga 46 zuwa sama aji na uku. Inda benaye masu hawa huɗu suka yawaita kuma aji na huɗu.

Ajin ne ke yanke kaurin ƙarfe. A aji na ɗaya an yarda matsin gas ya ja ƙarfen har kashi 72 cikin 100 na iyakar abin da zai jure kafin ya fara miƙewa, bisa wasu sharuɗɗa ma har 80. A aji na biyu kashi 60, na uku 50, na huɗu 40. Ɗauki bututu mai inci 40 na ƙarfe mai lamba X70 a kan psi 1,000: a aji na ɗaya kaurin milimita 10 ya wadatar, a aji na uku sai an kai kusan 14 da rabi. Milimita huɗun nan da rabi ba abin rainawa ba ne, domin sau da yawa su ne bambancin haƙorin katafila ya karce bututu da ya huda shi. Ajin ne kuma ke yanke tazarar bawul-bawul ɗin da ake rufewa in an sami matsala: a aji na ɗaya tsakanin bawul da bawul na iya kai kilomita 32, a na huɗu kilomita 8. Ko an rufe su nan take, duk gas ɗin da ke tsakanin bawul biyu sai ya fita ya ƙone kafin wuta ta mutu.

Ka ga ke nan mutumin karkara ne ke samun mafi sirantar ƙarfe da mafi nisan bawul. Masu tsarin suna da hujjarsu: inda jama'a suka fi yawa nan ake yawan haƙe-haƙe, nan kuma asara ta fi yawa in abu ya faru, kuma ba a iya gina kilomita ɗari shida duka da kaurin cikin birni ba tare da kuɗin aikin ya yi tashin gwauron zabo ba. Na fahimci hujjar, ina ma aiki da ita. Amma ban taɓa jin daɗin bayyana ta ga magidancin da gidansa ne na tara cikin gidaje tara ba, don shi wutar da za ta same shi iri ɗaya ce da wadda za ta sami na cikin gari. Ko a Amurka mazauna karkara sun daɗe suna wannan ƙorafi. Binciken dole mai tsanani can ya fi karkata ga wuraren da ke da gine-gine 20 ko fiye a cikin da'irar haɗari, wato iya inda zafin wuta zai kai in bututu ya fashe. Sai a 2019 aka ƙaro wani rukuni da ya fara daga gine-gine biyar.

Sannan akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai. An rubuta ƙa'idar ne da tunanin gidan miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku. Gidan gandu na Bahaushe kuwa katanga ɗaya ce da zaure ɗaya, amma ciki akwai sashen maigida, da sassan ƙannensa, da na 'ya'yan da suka yi aure, mutum talatin ko arba'in. Ita ƙa'idar ta ce duk sashen da iyali ke zaune da kansu a ƙirga shi a matsayin gini guda, ko da a cikin gini ɗaya suke. Sai dai wanda ke ƙirga daga hoton tauraron ɗan'adam a ofis katanga yake gani ya rubuta ɗaya. A bin layi na sha tarar da wurin da takarda ta kira aji na ɗaya, in ka shiga zaure ka ƙirga tukwanen tuwo sai ka ga ya daɗe da zama na biyu. Haka nan ƙa'idar ta ce inda mutum 20 ko fiye ke taruwa, kamar makaranta ko wurin ibada ko asibiti, a ɗauke shi kamar aji na uku ko da kewayensa daji ne. Makarantar allo, da masallacin Juma'a, da kasuwar mako, da firamaren da kake koyarwa in tana kusa, duk suna da nauyi a wannan lissafi, in dai an san da su.

Ƙidayar kuma ba ta tsayawa a ranar da aka zana taswira. Layin bututu sharararren fili ne miƙaƙƙe, ba a daɗewa yake zama hanyar babura da ta shanu, daga nan sai mai shayi, sai shago, sai gidaje. Dokar Amurka ta ba mai bututu wata 24 daga lokacin da aji ya canza ya rage matsi, ko ya sake gwajin bututun, ko ya sauya shi da mai kauri. A wurinmu abin da ya fi wuya shi ne a sami wanda zai sanar cewa ajin ya canza.

Iya inda zafin ke kaiwa

Akwai lissafin da muke amfani da shi, wanda ya fito daga wani nazari da kamfanin C-FER na Kanada ya yi a shekarar 2000, daga baya ya shiga dokar Amurka. Tunda kai malami ne, ga shi ka buga da kanka: ka ɗauki faɗin bututu da inci, ka ninka da 0.69, ka sake ninkawa da tushen murabba'in matsin a psi. Amsar ƙafa ce. Inci 40 a kan psi 1,000 yana ba da ƙafa 873, kimanin mita 266. A kan psi 1,400 ya kai wajen mita 315. Waɗannan misalai ne. Ainihin matsin da aka amince wa sashen da ya bi ta gonarku yana wurin kamfanin, kuma yana cikin abin da za ka tambaya.

Yanzu kwatanta da filin da dokar Najeriya ta ba bututun. Dokar Bututun Mai ta 1956, wadda ta haɗa har da na gas, ta ce filin da lasisi ya ƙunsa kada faɗinsa ya wuce ƙafa 200, wato mita 61 duka-duka, hagu da dama, sai in lasisin ya faɗi wani faɗi daban. Wannan fili na aikin binnewa ne da sintiri da gyara, ba daga lissafin wuta aka ɗauko shi ba. Gwamnatin tarayyar Amurka ma ba ta yanke tazara tsakanin bututun gas da gidaje ba, ta bar wa ƙananan hukumomi. Birtaniya ce ta ɗan fi tsari: HSE, hukumar kare lafiyar ma'aikata da jama'a daga haɗurran aiki, tana zana da'irori kewaye da manyan layuka, masu ba da izinin gini kuma sai sun nemi shawararta kafin su yarda a gina makaranta ko rukunin gidaje a ciki.

Lissafin nan ma kada ka ɗauke shi katanga. An gina shi a kan cewa mutum zai tsere ya sami mafaka cikin daƙiƙa 30, abin da tsoho ko mai goyo ko wanda ke barci ba lallai ya iya ba. A watan Agustan 2000, kusa da Carlsbad a jihar New Mexico, bututu mai inci 30 da tsatsa ta ci daga ciki ya fashe da asuba a gaɓar kogin Pecos. Mutum 12 'yan dangi ɗaya da suka kwana a wurin duk suka rasu, alhali suna kimanin mita 200 daga ramin, wato waje da da'irar da wannan lissafi zai zana wa bututun. Wutar ta yi minti 55 tana ci. Ka ƙara da cewa jinka da zana da karan dawa da aka jingine sun fi katakon gidan Bature saurin kamawa. Abin da muke da shi na sa'a shi ne ginin ƙasa: katanga mai kauri tana tare hucin zafi sosai, wanda ke bayanta ya fi wanda ke fili samun damar tsira.

Me ke fasa bututu?

Kafin ka firgita, ga ɗaya gefen. Ƙungiyar EGIG, wadda ke tattara bayanan kamfanonin gas na Turai tun daga 1970, alƙalumanta na shekarun baya-bayan nan sun nuna ƙasa da yoyo ɗaya a kowane kilomita 5,000 a shekara, kuma yawancinsu 'yan ƙananan huji ne, ba fashewa ba. Manyan bututu masu kauri su suka fi ƙarancin matsala. Sai dai wannan sakamakon sintiri ne da bincike da hana haƙa barkatai, ba a same shi a banza ba.

Abubuwan da ke kawo fashewa sanannu ne. Akwai kuskuren gini, kamar na San Bruno a California a ranar 9 ga Satumban 2010, inda wata gurguwar walda da aka binne tun 1956 ta buɗe, mutum takwas suka mutu, gidaje 38 suka ƙone, aka kuma ɗauki minti 95 kafin a tsayar da gas. Irin wannan ake tarewa da hoton walda da gwajin ruwa, inda ake cika bututu da ruwa a matsa shi fiye da yadda zai yi aiki kafin a saka gas. Akwai tsatsa, wadda ake tarewa da rufin da ake yi wa ƙarfen da kuma 'yar wutar lantarki da ake sakar masa. Waɗannan ƙananan sanduna masu akwati da kake gani a kan layi na auna ta ne. Ba ƙarfen banza ba ne. Duk wanda 'yan jari-bola suka cire, ko aka sace allon sola da batirin da ke ba shi wuta, an buɗe wa tsatsa ƙofa, kuma ba ranar za a ga sakamakon ba, sai bayan shekaru.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali a ƙasarmu shi ne haƙa. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, ranar 30 ga Yulin 2004, bututu mai faɗin mita ɗaya, kusan irin naku, ya fashe ya kashe mutum 24, ciki har da 'yan kwana-kwana da suka zo duba yoyon. Bincike ya nuna injin masu ginin wata masana'anta ne ya kankare bayansa makonni kafin ranar. Bai huje a lokacin ba, aka rufe aka ci gaba da aiki. Wannan ne darasin da nake so kowane direban katafila da mai haƙar burtsatse ya ji: karcewar da ba ta yi ƙara ba ita ce mai kisa, domin mai injin ya tafi abinsa, waɗanda ke kwana a wurin ne za su karɓi sakamakon. Duba kewayenku ka gani: masu tifa da ke kwasar yashi a rafi, masu haƙar ƙasar bulo da ke barin kududdufi, ɗan kwangilar da ƙaramar hukuma ta ba gyaran hanya ko kwalbati, masu haƙar ma'adinai. Galibi ana binne bututu da ƙasa kamar mita ɗaya ko fiye kaɗan a kansa. Garmar shanu ba ta kai nan, amma bokitin katafila sara ɗaya ne.

Zaizaya ma haka. Ƙasar da aka tona aka mayar ba ta kai ta asali ƙarfi ba, ruwan Agusta kuma ita yake bi. Kwazazzabon da ya fara a kan layi yana iya tone bututu cikin damina biyu ya bar shi a rataye. Ƙonan daji bai cika cutar da lafiyayyen bututun da ke binne ba, amma inda ya fito fili, ko akwai yoyo, ko a tashar bawul, labari ya canza. A farkon Janairun 2018 gobarar da NNPC ta danganta da ƙonan daji ta kama bututun Escravos zuwa Legas, tashoshin lantarki suka rasa gas, ƙasa ta shiga duhu. Su kuma masu fasa bututu don satar mai, a gaya musu babu abin ɗiba a cikin wannan; wanda ya huda shi ba zai tashi daga wurin ba.

Wa za ka tunkara, da me?

Tun da aka sa hannu a Dokar Masana'antar Man Fetur a watan Agustan 2021, hukumar NMDPRA ce ke ba da lasisi da sa ido a kan bututun jigilar gas. Manyan layukan NNPC kuma reshensa na NGIC ne ke tafiyar da su. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ita ke riƙe da rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin a fara irin wannan aiki.

Shawarata ku rubuta takarda ɗaya da sunan gari, ba da sunanka kai kaɗai ba, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a bi da ita ta wurin hakimi da ƙaramar hukuma zuwa ga kamfanin, a aika kwafi ga ofishin NMDPRA na jiha, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A ciki ku faɗi adadin sassan da ke cikin mita 200 daga layin da yawan mutanen da ke kwana a ciki, da duk wurin taruwar jama'a. Sannan ku tambayi aji nawa aka ba wannan sashe, mene ne iyakar matsinsa, ina bawul mafi kusa ta kowane gefe, kuma daga nesa ake rufe shi ko sai mutum ya tuƙo mota ya zo. Tambayar ƙarshen nan ita ce ke bambanta wutar minti ashirin da ta awa biyu. A 2022 Amurka ta wajabta wa yawancin sababbin layuka bawul da za a iya rufewa cikin minti 30. Idan aka yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata.

Game da diyya, ni ba lauya ba ne, amma ka san abu biyu. Sashe na 11 na dokar 1956 bai tsaya ga amfanin gona da itatuwa ba, ya haɗa da wanda aikin ya rage wa ƙasarsa daraja da wanda fashewa ko yoyo ya cutar. Sai dai ya cire ɓarnar da mutum ya jawo da kansa da wadda wani ya yi da mugun nufi. Ma'ana, in ɓarawo ne ya fasa, kamfani na iya cewa ba ruwansa. Wannan kaɗai ya isa ya sa gari ya ɗauki tsaron layin a matsayin nasa. Ka kai wa lauya takardar da kuka sa wa hannu ranar biyan diyya ya karanta maka abin da kuka yafe da abin da ya rage.

Ɗaki, rijiya, da maganar tashi

Ban ga gidanku ba, ban kuma ga zanen wannan sashe ba, saboda haka abin da zan faɗa ra'ayi ne bisa abin da ka bayyana. Da ni ne, ba zan sayar da gidan gado a kan mita 120 daga sabon layi ba, balle yanzu da masu saye za su taya shi da arha. Abin da zai sa in sake tunani shi ne in akwai tashar bawul ko wani ginin gas a saman ƙasa dab da ku, ko kwazazzabo na cin layin an kai ƙara ba a zo ba, ko ana haƙar yashi a kansa ba mai hanawa.

Amma ba zan ƙara matsawa wajen layin ba. Ɗakin ango a yi shi ta ɗaya gefen gidan, ƙofa da taga su ba layin baya. Rumbu da tarin kara da harawa su ma a mayar da su can. Katangar da ke fuskantar layin a ƙara mata tsayi da kauri in da hali. Sannan ka duba zaurenku: yawancin gidajenmu ƙofa ɗaya gare su, in ta bututun take kallo to ranar tsautsayi kowa cikin zafin zai fita. Ku buɗe 'yar ƙofar baya, ko da kullum a rufe take, mata da yara su san inda makullinta yake.

Rijiya da salga kada su kusanci filin layin. Ban da haɗarin haƙa, ƙaramin yoyo yakan bi ta cikin ƙasa ya taru a rami rufaffe, wanda ya shiga yasar rijiya ya shaƙe, ko ashana ta tayar da shi. Kada kuma ku auna daga alamomin ku ce nan bututun yake, domin alama tana nuna yana kusa ne kawai, a kwana ma takan kauce. Kafin a sa diga a ko'ina ta wannan gefen, a kira mutanen kamfani su zo da na'ura su nuna ainihin inda ya bi. A kan filin kansa, in yarjejeniyarku ta yarda da noma, ku tsaya ga gero da wake da gyaɗa. Ban da mangwaro da darbejiya da duk itacen da saiwarsa ke nitsewa, ban da wucewar manyan motoci masu kaya sai ta inda aka tanada.

Alamun yoyo da ido da kunne ake gane su: tsaki ko ruri daga ƙasa, ƙura na tashi a wuri ɗaya ba iska, ruwan fadama na tafasa ba wuta, ciyawa ta bushe a da'ira a tsakiyar damina, ko ƙasa ta yi sanyi har da farin ƙanƙara a kanta. Wanda ya ga haka ya bar wurin da ƙafa. Kada ya tayar da babur ko injin ban-ruwa, kada ya kunna tocila ko ya danna waya sai ya yi nisa. A nufi inda iska ke fitowa ko a yanke ta gefe, ana nisantar layin, ba a bin tsawonsa. In wuta ta riga ta tashi, a sa katanga ko tudu tsakani a ci gaba da tafiya har a wuce rabin kilomita, kuma kada kowa ya koma kwance dabbobi. Ruwa ba ya kashe wannan wuta, kashe ta ma kafin a rufe gas ya fi barinta haɗari, don haka aikin matasan gari shi ne tare hanya da hana 'yan kallo matsowa.

Wanda zai iya rufe bawul shi ake buƙata ya ji labari da wuri. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, akwai kuma lambar da kamfani kan rubuta a jikin alamomin layi. Ku adana ta a wayar dagaci da liman da shugaban matasa da taka. Ku kira ta wata rana da rana tsaka, ku sake kira da dare, ku ga ko ana ɗauka. In ba a ɗauka, ko alamar ba ta da lamba, ko rana ta cinye rubutun, wannan shi ne abu na farko da za ku sa a takardar da za ku kai wa NMDPRA.